Yunwa Ba Ta Mayar da Kowa Gida: Martani ga Mai Kiran a Yanke wa 'Yan Gudun Hijirar Siriya Tallafi

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya yi rubutu a kan 'yan gudun hijirar Siriya, kuma zan fara da taƙaita matsayinsa yadda ya kafa shi, don kada in ɗora masa abin da bai faɗa ba. A ganin Malam, tunda Bashar al-Assad ya tsere zuwa Mosko ranar 8 ga Disamban 2024, dalilin gudun ya kau. Abin da ke riƙe da miliyoyin 'yan Siriya a Turkiyya da Labanan da Jodan yanzu shi ne daɗin tallafi. Shekaru goma sha uku na abinci kyauta da magani kyauta sun kashe musu zuciya, don haka magani shi ne a rufe famfon, yunwa ta tuna wa kowa hanyar garinsu. Har ya jingina da karin maganar nan ta kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Akwai inda Malam ya yi gaskiya. Faɗuwar Assad ta sauya lissafi ƙwarai. Saurayin da ya gudu don kada a tilasta masa shiga soja, da magidancin da sunansa ke cikin jerin waɗanda jami'an leƙen asiri ke nema, yanzu suna iya tsallaka iyaka ba tare da fargabar ƙarewa a kurkukun Saydnaya ba. Kuma an koma ɗin. Zuwa watan Satumban 2025, hukumar UNHCR ta ce mutum miliyan ɗaya sun koma daga ƙasashen waje, ban da kusan miliyan 1.8 da suka koma garuruwansu daga gudun hijirar cikin gida. Sai dai wannan adadin shaida ne a kan Malam. Washegarin faɗuwar gwamnati, kafin kowa ya yi musu barazanar komai, layukan motoci da na masu jan akwatuna sun cika mashigar Cilvegözü ta Turkiyya da mashigar Masna'a ta Labanan. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya ɗaure kaya cikin kwana ɗaya. Waɗanda ke da inda za su sauka sun tafi da ƙafarsu. Tambayar da ta kamata a yi ita ce su wa suka rage, kuma me ya tsayar da su.

Duk rubutun Malam a kan hoto ɗaya ya ginu: fararen tantuna a jere, motar abinci ta tsaya, mutane sun yi layi suna jiran rabo. Wannan hoton ba shi ne rayuwar mafi yawan 'yan gudun hijirar Siriya ba, kuma bai taɓa zama ba. Turkiyya ta riƙe kusan mutum miliyan 3.7 a lokacin da adadin ya kai ƙololuwa a 2021, amma waɗanda ke sansani ba su kai biyu cikin ɗari ba. Sauran suna haya a Santambul da Gaziantep da Şanlıurfa da Hatay, suna ɗinki a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, suna lebura a wuraren gini, suna tsintar auduga, mafi yawansu ba takardar izinin aiki, ana biyansu ƙasa da mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke. A Jodan, kusan huɗu cikin biyar a garuruwa suke zaune, a Amman da Irbid da Mafraq, kuma mai gida ba ya karɓar katin gudun hijira a madadin kuɗin haya. Labanan kuwa ƙin yarda ta yi a kafa sansani ko ɗaya a hukumance, saboda abin da ta gani da sansanonin Falasɗinawa da aka kafa bayan 1948 a matsayin na ɗan lokaci, suka zama unguwanni na dindindin.

Bari mu daɗe kaɗan a Labanan, domin a nan ne maganar Malam ta fi rushewa. Ƙasa ce da faɗinta ya ɗara rabin jihar Kano da kaɗan kawai, kuma gwamnatinta ta ƙiyasta 'yan Siriya miliyan ɗaya da rabi a cikinta. Tunda babu sansanin hukuma, wanda bai iya hayar ɗaki ko gareji ko kango ba sai ya nemi gefen gonar wani a kwarin Biƙa'a ko yankin Akkar ya kafa tanti. Filin ba kyauta ba ne. Mai gona yana karɓar kuɗin ƙasa, sau da yawa ta hannun wani ɗan Siriya da ake kira shawish, wanda shi ne mai unguwa, shi ne dillali, shi ne kuma mai haɗa 'yan ƙwadago idan lokacin tonon dankali ya yi. Iyalin da bashin haya ya taru a kansu, da aikin gona suke biya, kuma shawish ne ke ƙidaya kwanakin. Tantin kansa katako ne aka kakkafa aka lulluɓe da tamfol, wani lokaci da tsohon allon talla na roba, a ɗora tsofaffin tayoyi a sama don kada iska ta yaye. Biƙa'a kwari ne mai tudu, dusar ƙanƙara na sauka a cikinsa. A tsakiyar tantin akwai murhun ƙarfe mai bututun hayaƙi da suke kira sobiya, wanda ke cin man dizal. Idan kuɗin mai ya ƙare, kwali da leda da tsofaffin takalma ake cusa masa, yara su kwana suna shaƙa. A Janairun 2019 guguwar da aka sa wa suna Norma ta cika ɗaruruwan irin waɗannan matsugunai da ruwa da laka.

Wasu a garin Arsal, can kan duwatsun iyaka inda sanyi ya fi tsanani, sun yi dabarar da kowane mai hankali zai yi: suka tara bulo, suka ɗaga bango a cikin tantin. A 2019 majalisar ƙoli ta tsaron Labanan ta ce duk ginin da ba na katako da tamfol ba ne a rushe shi, bango kada ya wuce jerin bulo biyar, wato kimanin mita ɗaya, aka kuma sa wa'adin 1 ga Yuli. Dubban iyalai suka ɗauki guduma suka farfasa bangon da suka gina da hannunsu, domin idan suka bari katafilar soja ta zo, har katifa da tukunya za ta haɗa. Ga magidanci tsaye a cikin ƙura yana ƙirga jeri, ɗaya, biyu, har biyar, abin da ya haura ya kai masa guduma, matarsa da yara sun fitar da kaya waje suna jira. Ina so Malam ya nuna mini inda daɗin yake a nan.

Sannan ga takarda. Daga Janairun 2015 Labanan ta tsaurara sharuɗɗan zama: dala 200 a shekara kan duk wanda ya kai shekara 15, tare da ko dai alkawarin ba zai yi aiki ba ko kuma ya samo ɗan ƙasa da zai tsaya masa. A watan Mayun shekarar ta umarci UNHCR ta daina yi wa sababbin zuwa rajista. Sakamakon haka, binciken da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke yi duk shekara ya riƙa nuna fiye da kashi 80 cikin ɗari na manya ba su da izinin zama. Magidancin da ba shi da takarda tsoron shingen binciken soja yake yi, don haka ba ya nisa da tanti. Wa zai fita nema? Yaro ɗan shekara goma da mahaifiyarsa, saboda su ba a cika tsayar da su ba. Duk wanda ya ga yaran Siriya suna sayar da tishu a titunan Beirut ya ce iyayensu malalata ne, bai bi zaren zuwa tushensa ba. Da tattalin arzikin Labanan ya durƙushe daga 2019, kuɗin ƙasar ya rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na darajarsa, sai wannan binciken ya nuna a 2020 da 2021 cewa tara cikin goma na iyalan 'yan gudun hijirar suna cikin matsanancin talauci. Wannan fa duk da tallafin ne.

To, mu je wurin da ya fi kama da hoton Malam, sansanin Za'atari a hamadar arewacin Jodan. An buɗe shi a Yulin 2012, ya daɗe yana ɗauke da mutum kusan 80,000, yawancinsu daga lardin Dar'a inda boren ya fara a Maris ɗin 2011. A nan kam akwai makarantu, akwai asibitoci, akwai tashar lantarki ta hasken rana da Jamus ta biya aka buɗe a 2017. Mace takan shiga kanti ta ɗebi shinkafa da mai da gwangwanin wake, ta zo wurin biya ta kalli wata na'ura, na'urar ta karanta ƙwayar idonta, a cire kuɗin daga asusunta. Baƙo ya gani sai ya ce ai waɗannan sun fi mu. Amma nawa ne a cikin asusun? A da dinari 23 ne a wata kan kowane mutum, kimanin dala 32. A tsakiyar 2023 Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, WFP, ta rage shi zuwa dinari 15, dala 21, ga mutum 119,000 da ke sansanonin Za'atari da Azraq. Rabin dinari ke nan a rana, senti 70, karin kumallo da na rana da na dare. Ɗakunan kwantena da suke ciki an ƙera su ne don su yi shekara shida zuwa takwas, da yawansu sun haura goma, suna yoyo da damina, suna gasa mutum da bazara.

Abin da ya kamata ya ba Malam mamaki a Za'atari shi ne kasuwa. Ba wata hukuma da ta tsara ta. Tun a shekarar farko mutanen Dar'a suka fara kasa kaya a bakin babban titi, kafin a ankara shaguna sun haura dubu: mai suyar falafel, mai gyaran keke, mai aski, mai walda, mai ba da hayar rigar amarya. Da Jodan ta amince a taron Landan na Fabrairun 2016 za ta ba da izinin aiki har 200,000 a madadin rancen sauƙi da sassaucin ciniki da Turai, mutane sun karɓa sun fita gonaki da wuraren gini. Duk inda aka buɗe musu ƙofar aiki sun shiga. Inda aka rufe, sun haura ta taga suna aikin a ɓoye a kan rabin lada.

Ba na cewa harkar agaji tsarkakakkiya ce. A cikin Siriya, gwamnatin Assad ta tilasta wa hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya canjin dala a farashin babban banki, wanda ya yi ƙasa sosai da na kasuwa, har wani bincike da aka fitar a 2021 ya ƙiyasta kusan rabin kowace dala da aka canza a 2020 ta zurare ta wannan hanya. Motoci masu tsada da albashin ƙwararru na ƙasashen waje su ma abin magana ne. Da a kan wannan Malam ya yi rubutu da na sa hannu a ƙasa. Amma ɓarawo ya shiga tsakanin mai bayarwa da mai karɓa, sai a ce hukuncin shi ne a hana mai karɓa?

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Shawarar Malam ba sabuwa ba ce, an gwada ta, kuma an ga abin da ta haifar. Ranar 1 ga Disamban 2014, WFP ta sanar da dakatar da katin abinci na 'yan gudun hijirar Siriya miliyan 1.7 a ƙasashen maƙwabta, saboda giɓin dala miliyan 64. Sai da aka yi bara a kafafen sada zumunta kafin a dawo da shi bayan kwanaki. Shekarar 2015 ta zo da yanka a kan yanka. Zuwa watan Yuli, abin da ake bai wa mutum ɗaya a Labanan ya koma dala 13 da rabi a wata, senti 45 a rana. A watan Satumba aka tura wa mutum 229,000 da ke zaune a garuruwan Jodan saƙon waya cewa an cire su gaba ɗaya. Bisa ka'idar Malam, a nan ne ya kamata kowa ya kama hanyar gida. Wasu kam sun kama, suka koma Dar'a ana ruwan bama-bamai, domin sun gwammace mutuwar gida da ta yunwa. Amma babbar igiyar yamma ta nufa. A wannan shekarar fiye da mutum miliyan ɗaya suka tsallaka teku zuwa Turai, kusan rabinsu 'yan Siriya, fiye da 3,700 kuma suka mutu ko suka ɓace a Bahar Rum. Ranar 2 ga Satumba aka tsinci gawar ƙaramin yaron nan Alan Kurdi a gaɓar Bodrum. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Ba yanke abinci kaɗai ya jawo wannan ba. Ajiyar mutane ta ƙare bayan shekara huɗu, Labanan ta tsaurara doka, yara sun yi shekaru ba makaranta, fatan yaƙin zai ƙare ya gushe. Amma su kansu shugabannin Turai sun nuna darasin da suka ɗauka da aljihunsu. Taron Landan ya tara alkawuran fiye da dala biliyan 10. A Maris ɗin 2016 Tarayyar Turai ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya, ta yi alkawarin yuro biliyan 6, kuma babban kaso na kuɗin ya tafi ne a kan katin Kızılay, wato irin tallafin kuɗi na wata-wata da aka kasa biya shekara ɗaya kafin nan. Waɗanda suka yi ƙyashin miliyan 64 su ne suka dawo suna ƙirga biliyoyi. Abin ya sake maimaita kansa a ƙaramin sikeli. A Satumban 2022 wani jirgin ruwa da ya tashi daga arewacin Labanan ya nitse a gaɓar Tartus, mutum kusan ɗari suka mutu. Farkon 2024 jiragen suka yawaita zuwa tsibirin Saifurus, zuwa watan Mayu shugabar Hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, tana Beirut da alkawarin yuro biliyan ɗaya.

Na san amsar da Malam zai bayar: wancan lokacin ana yaƙi, yanzu an daina. To mu leƙa gidan da ake cewa su koma. Rahoton hukumar UNDP na Fabrairun 2025 ya ce tara cikin goma na mutanen Siriya suna cikin talauci, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar sun rushe ko sun lalace ƙwarai. Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin sake gini a kan dala biliyan 216. Kuma rushewar ba a rarraba ta daidai ba. Ta taru ne a daidai unguwannin da 'yan gudun hijirar suka fito: Jobar da Ƙabun da Darayya a kewayen Damaskas, Baba Amr da Khalidiyya a Homs, gabashin Halab, Ma'arrat al-Nu'uman a kudancin Idlib. A garuruwan da sojojin gwamnati suka ƙwace, abin da bam ya bari 'yan wawaso sun kammala shi. Sun cire ƙofofi da tagogi, sun zare wayoyin lantarki daga cikin bango, sun fasa dakalin rufi don su ciro rodi su sayar. Mutum yakan dawo ya tarar da bango huɗu a tsaye, sama a buɗe. Shi ya sa ake ganin waɗanda suka koma sun kafa tantin da suka taho da shi daga sansani a tsakar gidansu.

Gonar ma ba ta shiguwa kai tsaye. Nakiyoyi da bama-baman da ba su fashe ba sun kashe ɗaruruwan mutane tun daga Disamban 2024, da yawansu yara da manoma da makiyaya waɗanda suka dawo. A farkon 2025 wutar gwamnati sa'o'i biyu zuwa huɗu take zuwa a rana a yankuna da yawa. Shekarar kuma ta zo da farin da hukumar FAO ta ce an yi shekara talatin da wani abu ba a ga irinsa ba, noman alkama ya faɗi. Tsaron da Malam ya ɗauka ya samu shi ma bai game ko'ina ba. A Maris ɗin 2025 an kashe fiye da mutum 1,400 a yankin gaɓar teku, yawancinsu fararen hula 'yan Alawiyya, adadin da kwamitin binciken da sabuwar gwamnatin Ahmad al-Shara'a ta kafa da kanta ya tabbatar, kuma dubban mutane suka tsallaka zuwa Akkar a matsayin sababbin 'yan gudun hijira. A Yuni aka kai harin ƙunar baƙin wake cocin Mar Elias a Damaskas. A Yuli rikicin Suwaida ya ci fiye da rai dubu. Wanda ya fito daga Hama yana iya ganin hanya ta buɗe, wanda ya fito daga ƙauyen Latakiya ya ga akasin haka, kuma dukansu suna da gaskiya.

Akwai kuma matsalar da ba a ɗaukar hotonta. Fiye da mutum 100,000 sun ɓace a hannun gwamnatin da ta shuɗe da sauran ɓangarori. Ɗauki matar da aka kama mijinta a shingen bincike a 2013, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Da aka fasa ƙofofin Saydnaya bai fito ba. Ba ta da takardar shaidar mutuwarsa, don haka a idon doka ba bazawara ba ce, ba ta iya rabon gado, ba ta iya sayar da fili ko maida gida sunan 'ya'yanta. Gidan ma wataƙila yana unguwar da aka gina ba tare da takardar mallaka ba, kamar yawancin unguwannin talakawa da ke gefen manyan birane, ko kuma wani iyalin da shi ma aka rushe nasa ya shige ciki. Ƙaramin ɗanta an haife shi a tanti a Biƙa'a, abin da ke hannunta takardar ungozoma ce kawai. Yanke mata dala ashirin a wata ba zai samar mata da ko ɗaya daga cikin waɗannan takardu ba.

Famfon da Malam ke kira a rufe ma an daɗe ana murɗa shi, ta ciki da ta waje. A tsakiyar 2023 WFP ta cire mutum miliyan 2.5 daga cikin miliyan 5.5 da take ciyarwa a cikin Siriya, a Janairun 2024 ta rufe babban shirin rabon abincin gaba ɗaya. A Janairun 2025 gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje, ta kuma wargaza hukumar USAID, asibitoci da dama a arewacin Siriya suka rufe ko suka rage aiki. Wato ana matsa wa mutum ya bar inda ake ba shi kaɗan ya koma inda ake ba da ƙasa da haka. Mu a nan ba baƙin wannan lissafin ba ne. Da gwamnatin Borno ta rufe sansanonin hukuma na Maiduguri daga 2021, har da na Bakassi, da kyakkyawar niyyar mutane su koma su dogara da kansu, wasu sun koma sun zauna, amma da yawa sun ƙare ne a matsugunan da ba na hukuma ba, inda babu ko ɗan rabon da suke samu a da. Rufe sansani yana share mutum daga rajista, mutumin kuwa yana nan da cikinsa.

Abin da Malam bai lura da shi ba shi ne komawa gida ita ma jari take ci. Kafin magidanci ya bar Biƙa'a sai ya biya mai kanti bashin da ke littafi, ya sallami mai fili, ya ɗauki hayar motar da za ta kwashi katifu da sobiya da tankin ruwa. Idan ya isa, ga siminti, ga rodi, ga ƙofa, ga farantin sola, ga abincin watannin da zai yi kafin ya sami abin yi. Wanda ya tara ɗan abin hannu, ko yake da ɗan'uwa a Jamus mai aiko da kuɗi, shi ne ya fara tafiya. Wanda ya rage shi ne wanda ba shi da ko sisi, kuma duk dalar da aka yanke masa bashinsa take ƙarawa, bashin kuma ya ƙara ɗaure shi a inda yake. Daga nan sai a cire yaro daga makaranta a kai shi garejin makanikai, a aurar da yarinya 'yar shekara goma sha huɗu don a rage baki ɗaya. Su kansu masu son a koma ɗin sun gane haka. Shirin da Labanan da UNHCR suka fara a Yulin 2025 da kuɗi ya zo, dala 100 kan kowane mutum kafin tafiya da dala 400 ga iyali mabuƙata bayan isa, tare da yafe tarar zama ba izini. Kuɗin bai kai ya rufa ɗaki ɗaya ba, amma aƙalla an fahimci ta wane ɓangare ake tura mota idan ana so ta tashi.

Matakin da ya fi kowanne hikima kuwa bai ci ko kwabo ba. Daga Janairu zuwa farkon Yulin 2025, Turkiyya ta ba wa mutum ɗaya daga kowane iyali damar shiga Siriya ya dawo har sau uku ba tare da ya rasa katin zamansa ba. Magidanci ya je ya ga ko rufin yana nan, ya tambayi maƙwabta ko makarantar unguwa ta buɗe, ya ji farashin buhun siminti, ya dawo su yi shawara da iyali. Mutum ba ya kwasar 'ya'ya shida ya kai su wurin da rabonsa da gani shekara goma sha biyu, alhali ya san idan ya tsallaka an rufe ƙofa a bayansa. A Jamus, inda 'yan Siriya suka kusa miliyan ɗaya, kuma inda aka dakatar da duba takardun neman mafakarsu washegarin faɗuwar Assad kamar yadda Ostiriya da Birtaniya suka yi, doka ta tanadi cewa wanda ya leƙa ƙasarsa yana iya rasa matsayinsa na ɗan gudun hijira. Saboda haka injiniyan da ke Berlin, wanda ke son ya je Homs ya duba ko gidan mahaifinsa zai gyaru, ya zauna bai je ba, 'yan siyasar da suka hana shi leƙawa kuma suna ta tambayar me ya sa bai koma ba.